Kujerar Mai Kaset

Shekara talatin ke nan da aka shigo mini da gawar maigidana Asumana a bayan motar wani, an lulluɓe shi da tabarmar da ba tamu ba. Yana raye ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kuma yau da nake rubuta shi a jarida sai na ji hannuna ya yi nauyi. Amma in ban rubuta ba, samarin da ke lodi a tashar Tawa yanzu ba za su san an yi shi ba, balle su san alkawarin da aka ɗauka a kan gawarsa, da kuma wanda ya karya shi.

Direba ne. Yana tuƙa irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da muke kira bashe, daga Tawa zuwa Takanamat, ranar kasuwa ya zarce Tebaram. Motar ba tasa ba ce, ta wani alhaji ce mai sayar da hatsi, amma yadda yake goge ta da safe sai ka ce da ita aka haife shi.

Ni kuwa yarinya ce mai son karatu, wadda ta bar lakkwal, makarantar boko ke nan, ba da sonta ba. Lokacin ne 'yan kasuwa daga Sakkwato da Kano suka soma shigo da ƙananan littattafan soyayya, suna baza su a ƙasa kusa da masu turare. Na haɗiye su kamar mai ƙishirwa. A cikinsu na koyi cewa saurayi na iya jiran budurwa har gashinsa ya yi fari, kuma amini in ya rantse, to, ya rantse. Na yarda da wannan duka, har zuciya. Asumana bai iya boko ba, allo kawai ya yi, amma yana son labari. Bayan aurenmu sai na riƙa sayen kaset wanda babu komai a kai, in zauna a ɗaki da rana in karanta masa babi guda a ciki. Ba ya kunna shi da fasinja. Sai ya isa kasuwa, ya sauke kaya, ya ja motar ƙarƙashin gawo, ya rufe ƙofofi, sannan ya saurara. In ya dawo, tun bai cire takalmi ba zai ce, "To, ta yarda da shi ko ba ta yarda ba? Kin tsaya daidai inda bai kamata ba." In ce sai gobe. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da masu rubuta littafi.

Wanda bai shiga motocin wancan zamani ba, bari in faɗa masa yadda gidan gaba yake. Mutum uku ke zama: direba, na tsakiya, da na bakin ƙofa. Na tsakiyar nan ba zaman banza yake yi ba. Shi ake kira mai kaset. Shi ke juya kaset in ya ƙare, shi ke rage murya in an zo wurin jandarma, shi ke zaro zaren in manyeto, wato na'urar kaset ɗin, ta cinye shi, ya sa bik na rubutu a ramin ya naɗe shi a hankali. Shi ke ɓare wa direba goro, ya ja shi da hira in rana ta yi tsaka kada gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wasu direbobin ba su damu da wanda ya zauna nan ba. Asumana kuwa da kansa yake zaɓa. Zai dubi fasinjojin ya ce, "Kai, malam, dawo nan, kai ne mai kaset yau." Idan aka tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: idonsa da hannunsa ba nasa ba ne tun da aka tayar da mota, na mutanen da ke baya ne, sai an isa ake mayar masa da su.

Akwai kuma wani aiki da manyeton nan ke yi wanda ya fi waƙa. Samarin yankinmu na Adar ba su zama gida bayan girbi, kowa ya sani. Wasu Abijan, wasu Libiya, wasu sai shekaru su shuɗe. Da yawansu ba su rubutu, iyayensu ma ba su karatu, don haka magana suke yi a kaset su aiko. Kaset ɗin ya bi hannu-hannu har Tawa, direbobi su kai ƙauye. Da aka karya darajar kuɗi, batir ya zama abin da talaka ke dubawa ya wuce, rediyoyin ƙauye suka yi shiru. Sai ya zama motar direba ce gidan sauraro. Asumana zai tsaya bakin gari, iyalin su kewaye ƙofar, ya kunna musu, shi kuma ya koma nesa ya ba su baya, don maganar ba tasa ba ce. Ya sha dawowa gida da jajayen idanu, ya ce ƙura ce. Na san ba ƙura ba ce.

Shekarun nan sun yi wuya. Ma'aikata na wata da watanni babu albashi, yau yajin aiki, gobe yajin aiki, 'yan lakkwal na yawo a titi. Kayan gyaran mota sun yi tsadar da direbobi ke ɗaure abu da igiya su ce Allah ya kai mu. Amma kuma shekarun ne baki ya buɗe. Jam'iyyu suka fito, kowa da tasa, kowa da ƙaramar rediyo manne a kunne, ana jin wa ya ce me a babban birni. Maza suka daina jin kiran matansu, suka daina jin kiran sallah ma wani lokaci, saboda labarai.

Cikin waɗanda wannan zazzaɓi ya kama har da Sha'aibu. Shi ne aminin Asumana tun suna yara, shi ya yi abokin ango ranar bikinmu, mai gyaran rediyo ne a gefen kasuwa, kuma shi ya ɗaura manyeton motar da hannunsa. Ranar da abin ya faru ya bi Asumana zuwa kasuwar Tebaram da jakar kayan aikinsa. Ba sai an zaɓa ba, shi ne mai kaset. Wa ya fi shi cancanta?

A bakin ƙofa aka zaunar da wata tsohuwa daga wani ƙauye gaba da Takanamat. Ta zo Tawa ganin likita, sai aka damƙa mata kaset daga ɗanta, wanda ya yi shekaru babu labarinsa har an soma yi mata gaisuwar da ba a fito da ita fili. Ta ƙulle kaset ɗin a bakin zane. Tun ba a bar gari ba ta roƙi a sa mata. Asumana ya ce, "Inna, ki yi haƙuri mu isa, in tsaya miki ki ji shi da kyau, ke da mutanenki." Ta haƙura. Da aka yi nisa ta sake roƙo. Ya sake ba ta haƙuri. Daga nan sai ta kwance bakin zanen ta riƙe kaset ɗin a cinya tana shafa shi da yatsa, hawaye na zuba. Wanda ya san Asumana ya san ba zai iya da wannan ba. Ya ce, "Sha'aibu, sa mata."

Aka sa. Muryar yaron ta fito, yana sallama, yana gaida ubansa, yana gaida baffanninsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi. Bai kai ga sunan uwar ba, murya ta soma jan ƙafa, ta yi kauri, ta narke. Manyeto ta kama zaren. Tsohuwa ta ce, "Tana cin muryar ɗana." Asumana ya kira Sha'aibu. Sha'aibu yana zaune a wurin, kafaɗarsa na gogar tasa, amma ƙaramar rediyonsa na manne a kunnensa, ya toshe ɗayan da yatsa, don a ranar manyan ƙasa sun sami saɓani, kowa na jiran ya ji gwamnati za ta faɗi ko za ta tsaya. Bai ji ba. Asumana ya sake kira. Tsohuwa ta kai hannu tana laluben abin da ba ta sani ba. Sai Asumana ya sunkuya da kansa.

Wurin gangaren wani ƙori ne, inda ruwan damina ya ci gefen hanya. Motar ta sauka ta inda babu hanya, ta kife. Mutanen baya suka watsu a kan yashi, wasu da karaya, wasu da ƙujewa. Tsohuwa ta fita da rai. Sha'aibu ya tsage a goshi. Asumana kaɗai sitiyari ya danne wa ƙirji, kuma kafin wata mota ta biyo hanyar, rana ta karkata, shi ma ya tafi.

Na san ajali ne. An faɗa mini sau da yawa a kwanakin nan har kalmar ta daina shiga kunnena, kuma ban taɓa musu ba. Amma ajalin ta wata ƙofa ya shigo, kuma na ga ƙofar.

Kafin a yi addu'ar uku, magana ta zaga unguwa cewa kaset ɗina ne yake saurare, wai karatun soyayyar matarsa ne ya ɗauke masa hankali. Mata na shigowa gaisuwa suna kallona ta gefen ido. Ina da ciki a lokacin, ga ƙaramar ɗiya a hannu, ban da bakin kare kaina. Sha'aibu ne ya miƙe a ƙofar gida, cikin maza, da ƙyalle ɗaure a goshi, ya ce kowa ya saurara. Ya ba da labarin kamar yadda na ba ku yanzu, bai rage komai ba. Ya ce, "Ni ne mai kaset. An kira ni ban ji ba. Ku bar matar mutane." Ina daga cikin zaure na ji shi. A ranar na ce a raina, ashe irin mutanen da ke cikin littattafai akwai su a Tawa.

Bai tsaya nan ba. Bayan arba'in ya je tasha, gaban shugabannin sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya rantse cewa muddin yana raye, hannunsa ba zai ƙara ɗaura wa mota abin da zai ja idon direba ko hannunsa daga hanya ba. Kuma ya yi aiki da rantsuwar. Ya riƙa cire manyeto daga tsakiya yana mayar da ita can dama, ƙarƙashin akwatin gaba, inda direba ko ya miƙe hannu iyakar tsawonsa ba zai kai ba. Bai karɓi ladan kowa ba. Direbobi suka yi ta gunaguni da farko, daga baya suka saba, har ya zama fasinja na leƙa gidan gaba kafin ya hau, ya tambaya, "Wannan ɗaurin Asumana ne?" In an ce eh, ya hau da kwanciyar hankali. Motocin Barmu ma suka ɗauka. Babu takarda, babu doka daga sama. Mutane ne suka ga gawa suka yi shawara.

Na haifi namiji, aka mayar masa da sunan ubansa, nake kiransa Magaji. Sha'aibu ya kawo ragon suna. Shi ya kai shi lakkwal ranar farko, shi ya je ya ba da haƙuri duk lokacin da ya yi faɗa, shi ya tsaya masa da zai yi aure. Magaji bai san wani uba ba sai Baba Sha'aibu. Ni kuma duk shekara in wannan wata ya kama, nakan toya masa, wainar nan, in raba sadaka, kuma kwanon farko gidan Sha'aibu yake zuwa. Ban taɓa riƙe shi da abin da ya faru a ƙorin nan ba. Ko sau ɗaya.

Shekaru suka tafi da kaset. Faifai ya zo ya wuce, aka koma wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa mai ɗauke da waƙoƙin duniya, sannan salula ta shiga aljihun kowa. Ni ba mai yawan tafiya ba ce, ban bi diddigin abin da ke faruwa a gidan gaba ba. Na ɗauka rantsuwa ba ta tsufa. Da Magaji ya ce shi ma tuƙi zai yi, na yi kuka, na hana, na gaji na bari. Abin da ya kwantar mini da rai shi ne Sha'aibu na nan. Yanzu Magaji na jan ƙaramar bas, irin tsofaffin nan da ake saukewa daga jirgin ruwa a Kutonu, a kan hanyar da ubansa ya bi.

A bana ne babbar ɗiyata, wadda ke koyarwa a Barmu, ta zo hutu, muna tsinke zogale take ba ni labarin wani abu da ta karanta da Faransanci. Ta ce ƙasashen duniya sun daɗe suna zama kan wannan magana, masana da masu ƙera motoci, sun fitar da ƙa'idojin da suka yarda da su. Wai duk abin da aka sa a gaban direba, ya zama kallo ɗaya gajere ya ishe shi, ya mayar da ido kan hanya. Kada ya buƙaci hannu biyu. Kada ya tilasta masa ya gama abin da ya soma, ya iya bari ya dawo daga baya. Abin da ke cin hankali kuwa, kamar fim ko rubuta saƙo, motar da kanta ta kulle shi muddin tana tafiya. Na ce ta maimaita mini na ƙarshen. Ta maimaita.

Ba daidai da namu ba ne. Su sun ce a matso da abin kusa da idon direba don kada ya sunkuya, mu mun ce a nisanta shi a ba wani. Su motarsu mutum ɗaya ke ciki, ba su da na tsakiya. Amma damuwar ɗaya ce, kuma na zauna da zogale a cinya ina jin kamar an aiko wa Asumana gaisuwa daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Na yi ta tunanin me zai ce. Ina jin dariya zai yi, ya ce ashe su ma sun yi hankali, sannan ya tambaya ko a cikin ƙa'idojin an faɗi wanda zai ɓare goro.

Da Magaji ya shigo cin abinci na tambaye shi ko tasa motar na da wannan kulle. Akwai allo a gabanta, na taɓa gani, mai faɗin tafin hannu biyu.

Ya ce, "Da shi ta zo, Inna. Ba ta nuna hoto sai an ja birkin hannu. Wata 'yar waya ce ke gaya mata an tsaya."

Na ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Ai an buɗe ta tuni. Wa zai hau motar da babu fim? Baba Sha'aibu ya yanke wayar ya haɗa ta da ƙarfen mota, yanzu kullum tana zaton a tsaye muke. Duk motocin tasha shi ya yi musu."

Yana faɗa yana tauna, kamar mai ba da labarin farashin albasa. Bai san abin da ya faɗa ba. Ya san ubansa ya rasu a mota, ya san akwai kaset a ciki, amma rantsuwar tasha an yi ta yana cikina, kuma wanda ya kamata ya gaya masa shi ne ya riƙe almakashin.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi kasuwa. Rumfar tana inda take, sai dai babu rediyo ko ɗaya, alluna ne rataye da igiyoyin caji. Sha'aibu ya tsufa, ya sa tabarau mai kauri, amma tabon na nan a goshinsa, ya ratsa gira. Ya gan ni ya miƙe da fara'a.

"Uwar Magaji, yau ke da kanki? Mi ya ɓaci, salula ko zuciya?"

Na ce, "Waya na zo gani. Wadda ka yanke a motar ɗanka."

Fara'ar ta sauka a hankali. Ya jawo mini benci, ban zauna ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Shi ya zo da kansa," in ji shi. "Mota ta kwana biyu tana lodi ba ta cika ba, na bayansa na cikawa suna tahiya. Alhajin mai motar ya ce zai amshe makulli. In ban yanke ba, yaron da ke rumfar can shi yanke, kuma shi ɓata mashi allon. Gara ni."

"Gara kai."

"Zamani ya sake, uwar Magaji. Fim ɗin na fasinja ne, ba na direba ba. Yaran yanzu sun saba, idonsu biyu ne kamar namu amma aikin huɗu sukai."

Na ce, "Asumana ma kaset ɗin ba nasa ba ne. Na tsohuwa ne."

Ya dubi ƙasa, ni ma na duba. Ƙasan rumfar cike take da guntayen waya, ja da kore da shuɗi, kamar an yi aski. Na tambaye shi ko ya tuna abin da ya faɗa a tasha. Ya ce babu ranar da ba ya tunawa, duk sanda ya yi alwala hannunsa na bi ta kan tabon. Ya ce amma waɗanda ya rantse a gabansu duk sun mutu, shi kuma yana da jikoki a gida da ke cin tuwo. Ya faɗi haka a hankali, ba da tsiwa ba. Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Na sunkuya na ɗauki guntun waya ɗaya, ban san ko ta motar Magaji ba ce ko ta ɗan wata, na ƙulle a bakin mayafi na fito.

A littattafan da na karanta, maci amana yana da alama tun babin farko. Idonsa na rawa, dariyarsa ba ta kai ciki. Babu littafin da ya gaya mini cewa zai iya zama mutumin da ya wanke sunanka a bainar jama'a, ya yi wa ɗanka ragon suna, ya riƙe alkawari shekara da shekaru, sannan wata rana da hantsi ya ajiye shi kamar yadda ake ajiye tsohon takalmi, ba tare da ya ƙi ka ba. Har yanzu ban san inda zan sa wannan ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tasha guda ta san ɗaurin Asumana, ta bar shi ya mutu babu ko jana'iza. Masu ƙera motar, da ba su san mu ba, sun aiko ta da kulle. Mu da muka ga gawar muka buɗe.

Ranar da shekarun suka cika na ce wa Magaji zan bi shi Takanamat in gaida dangin ubansa. Ya so ya ba ni bakin ƙofa don iska, na ce tsakiya nake so. Muna fita gari ya kunna fim. Ni ban kalli allon ba, fuskarsa na kalla. Idanun ubansa ne sak, har yadda suke ƙanƙancewa in rana ta haske su. Duk sanda fasinjoji suka yi dariya, sai idanun nan su sauka ƙasa su ga abin da ya faru, su koma kan hanya. Su sauka, su koma. Bai ma san yana yi ba. Sai salularsa ta yi ƙara, ya soma laluben aljihu da hannu ɗaya.

Na riga shi. Na zaro ta na kara a kunne na ce, "Direba na tuƙi. Mai kaset ce, faɗi saƙonka."

Motar ta kwashe da dariya. Wata budurwa ta tambayi ta kusa da ita mene ne mai kaset. Magaji ya ce, "Inna, don Allah," yana jin kunya. Sai wani dattijo daga can baya, mai rawani irin na mutanen arewa, ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, a ina kika san wannan magana? Rabona da jin ta tun ɗaurin Asumana." Na ce matarsa ce ni, wannan kuma ɗansa ne. Sai ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ya taɓa ba ni tsakiya. Ban iya naɗe zare ba, ya tsaya gefen hanya ya koya mini."

Da muka doshi gangaren ƙorin na cire ɗankwalin da na zo da shi a jaka na rufe allon. Wani saurayi ya ce an kai wurin daɗi fa. Dattijon ya ce masa ya yi haƙuri, fim ba ya gudu. Magaji ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rage gudu, muka sauka muka hau. A ƙarƙashin ɗankwalin mutanen fim na ta maganarsu. A nan, muna tafiya, na ba shi labarin duka, da tsohuwa, da rediyon kunne, da rantsuwar tasha. Ya saurara idonsa na kan hanya, har muka isa bai dube ni ba, kuma wannan ne karo na farko da rashin kallonsa ya yi mini daɗi.

Zan so in ce ya mayar da wayar. Bai mayar ba. Ya ce motar ba tasa ba ce, ya ce sai bayan salla, kuma na san irin wannan bayan sallar. Amma wata maƙwabciyata da ta bi motarsa makon jiya ta ce kafin ya tayar, ya tsaya ya dubi fasinjoji, ya kira wani malami ya ce ya dawo tsakiya, ya miƙa masa salularsa ya ce, "Kai ne mai kaset yau." Ta ce malamin ya yi ta juya salular yana neman inda ake sa kaset ɗin. Magaji bai gaya mini ba, ni ma ban nuna na ji ba.

To, abin da ya rage na Asumana ke nan bayan shekara talatin. Motar an sayar da ƙarfenta. Kaset-kaset ɗin da na karanta masa babi-babi sun narke a akwati, ba su ƙara magana. Rantsuwar da na jingina da ita rabin rayuwata tana ƙasan wata rumfa, cikin shara. Saura wani dattijo da ya iya naɗe zare, da kujera ɗaya a tsakiyar wata tsohuwar bas.

Na yi masar sadaka bana kamar kullum. Na cika kwanon Sha'aibu, na tsaya a kansa da guntun wayar nan a hannu. A littafi, da na sa ta a ƙarƙashin masar ya gani ya yi kuka ya tuba. Ban sa ba. Na aika da kwanon, amma ba shi ne na farko ba, kuma ya san lissafin gidajen unguwarmu, zai gane. Wayar tana bakin mayafina. Kowace safiya in na ji Magaji ya tayar da mota nakan taɓa ta, in roƙi Allah ya ba shi na tsakiya mai jin kira.